Gyaran da Na Yi wa Amaryar Abuja

Zuwa ga Yayata Hajiya Rekiya, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane yake yi wa yayar da ta goya shi, ta kuma ja mashi kunne har ya fi ɗan'uwansa tsawo, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Hashim da yara baki ɗaya. Allah ya sa ciwon gwiwar nan ya lafa, ya ƙara maki nisan kwana mai albarka. Mu nan Dutsin-Ma lafiya lau muke. Damina ta yi kyau, geron gonarmu ta Kutawa ya yi yadda ake so, wake ne kawai muka raba da tsutsa, ita ta ɗauki kason babba. Matata Yahanasu tana nan da ƙarfinta da bakinta. Ni kuma wani haƙori ya ƙara yin ritaya, yanzu nama sai dai in gaishe shi daga nesa.

Za ki yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa ke magana cikin waya. Na san halin gidanki ne. In na turo murya, za ki ƙure sauti a tsakar gida, kowa ya ji, har masu haya. Takarda kuwa sai wanda ya iya karanta rubutuna, kuma tunda a aji huɗu ni da makaranta muka rabu ba tare da kowa ya yi kuka ba, masu iya karanta shi ba su da yawa. Ilu direba zai kawo maki ita in ya sauke albasa.

Ɗanki Munzali ya gaya mani labari ya iso maku cewa na kashe wa 'yata Surayya sana'a, har ta daina yi mani magana. Na farkon akwai ƙari a ciki, sana'ar suma ta yi, ba mutuwa ba. Na biyun kuwa gaskiya ne. To gara ki ji daga bakin mai laifin, domin ni na fi kowa sanin inda ya kamata a tausaya mani.

Kin san Surayya ta gama difloma, ta yi ta yawon neman aiki har takalminta ya san ƙofar kowane ofis daga nan zuwa Katsina. Uwarta kuwa kin san hannunta: sarƙar duwatsu, awarwaro, 'yan kunne, faifai, mafici. A da kasuwar Kurfi ake kai su, mata su ɗauka, su juya, su ce ma sha Allah, su ajiye, su wuce wurin mai manja. Rannan sai Surayya ta ce ta buɗe wa uwarta shago a kasuwar intanet. Na tambaye ta a wane layi rumfar take, wa ke karɓar kuɗin shara, kuma ina zan ajiye bencina. Ta nuna mani waya. Yaya, kasuwa ce da ba ta tashi, ba rana, ba ƙuda, ba mai taka maka ƙafa. A nan na ga wata Baturiya ta rataye faifai a bangon falonta kamar hoton Makka, irin faifan da muke rufe fura da shi. Na ga wani ya huda ƙwarya ya sa mata ƙwan lantarki. Na ga sarƙoƙin matan Kenya, na ga na Indiya, na ga na wasu ƙasashen da ban san Allah ya yi su ba. Sannan ga na Yahanasu a tsakiyarsu, ba su ji kunya ba ko kaɗan. Sai da na matso da wayar kusa da ido na gane farin ƙyallen da aka shimfiɗa sarƙoƙin a kai babbar rigata ce ta Sallah. Rigar nan yanzu ta fi ni suna a duniya.

Ciniki ya fara shigowa kaɗan-kaɗan, daga Legas, daga Ibadan, daga Jos. Duk wanda ya saya, in kaya sun isa, yana ba shagon taurari, daga ɗaya zuwa biyar, ya kuma rubuta abin da ya gani don na baya su karanta. Taurarin nan su ne mutuncin shago. Surayya tana lallaɓa su kamar ƙwai a aljihu. Ni kuma aka ba ni muƙami: ita za ta jera kaya a kwali, ni in ɗauka a babur in kai tasha, in liƙe, in ba direba. Na sa wa kaina suna manajan sufuri. Ba wanda ya kira ni da shi, amma ba wanda ya hana.

To a nan Shaiɗan ya same ni, kuma ta ƙofar alheri ya shigo. Ke shaida ce, rayuwata duka a bakin tiya na yi ta, ina auna hatsi a kasuwar Kurfi kusa da marigayi Baba. Kin san yadda ya koya mana: in ka cika wa mutum tiya, sai ka ƙara mashi hannu guda a kai, ka ce ga gyara. Ba don ya roƙa ba, don ya tafi yana jin an san darajarsa. Ban taɓa sallamar mai saye ba gyara ba, ko a shekarar da hatsi ya yi tsada. Sai ga shi ina kallon 'yar cikina tana saka sarƙa ɗaya tak a kwali, wai sarƙa ɗaya aka saya. Na yi mata magana, ta ce Baba a intanet ba a yin haka, abin da ke hoto shi ake aikawa. Na ce to. Amma zuciyata ba ta ce to ba. Sai ya zama in na isa tasha, kafin in liƙe kwali, nakan jefa ɗan abu: dabino, aya, ƙuli-ƙuli, abin da Allah ya hore. Surayya ta riƙa samun saƙonnin da ba ta gane kansu ba. Wata a Ibadan ta yi godiya da karin kumallo. Wata a Inugu ta tambaya ƙwallon nan mai tauri a wuya ake sa shi ko a ƙofar ɗaki ake ratayewa. Goriba ce. Surayya ta ce mutanen kudu akwai barkwanci. Ni ma na ce ƙwarai kuwa, na ci gaba da shan kunu.

Ana nan sai babban ciniki ya faɗo. Wata Hajiya Fiddausi a Abuja za ta aurar da ƙanwarta, tana son mafitai na kaba masu adon duwatsu, kowace ƙawar amarya da nata, da sarƙa da 'yan kunne masu shiga da ankon biki. Ta ce in abin ya yi kyau, ƙawayenta masu shirya bukukuwa duk nan za su dawo. Yahanasu ta aika Wurma aka kira matan da suka iya saƙa. Gidan ya cika da kaba da zare da hira, ni da tabarmata aka mayar da mu zaure. Da aka gama, wallahi Yaya, ko ni da ban san ado ba sai da na ce ma sha Allah. Surayya ta jera su a babban kwali da bismillah, ta ce Baba don Allah a kula.

Na kula. Kulawar ce ta yi yawa. Na ce a raina mace mai ciniki irin wannan ba a yi mata gyaran aya. Kuma gidan biki ne, za a ɗora tukwane. Me mutanen Abuja suka rasa wanda mu muke da shi? Ranar kasuwar Kurfi ce, sai na zarce can wurin Kande, wadda kin san duk ƙasar nan ba mai daddawa irin tata. Na zaɓi sabuwa, mai laushi, wadda in ka wuce da ita layi sai an leƙo. Na naɗe ta a takarda, na buɗe kwalin, na yi mata wuri a tsakiyar mafitan don kada ta farfashe a hanya. Na liƙe kwalin ta ko'ina, ko iska ba ta fita. Na dawo gida ina jin kaina kamar wanda ya gina masallaci. Abin da ban sani ba, motar za ta lalace a Funtuwa, kwalin ya yi kwanaki a saman mota yana shan rana.

Sauran labarin daga baya na ji shi. Hajiya Fiddausi ta tara amarya da ƙawayenta a falo, tagogi a rufe, na'urar sanyi tana aiki, aka yanka kwali. Kafin kowa ya ankara 'yan mata sun wawashe mafitai, kowace ta hau fifita tana kallon madubi. To kin san aikin mafici ɗaya ne, ya ɗebo iska ya kai wa hanci. Kuma kaba ba ta mantuwa. An ce amarya ce ta fara fita da gudu, sauran suka bi ta, aka bar Hajiya ita kaɗai da kwali. Ta zazzage shi, ta sami gyarana. A ranar ta ba shagon tauraro ɗaya, ta rubuta abin da ba zan maimaita ba, ta kai ƙara wurin masu kasuwar. Su kuma suka rufe shagon, suka ce ba za a buɗe ba sai mai ƙara ta janye da kanta.

Ina zaure ina gyaran rediyo Surayya ta shigo ta miƙo mani waya. Hoton daddawar Kande ne, an ɗauke shi da kyau, har tana sheƙi. Ba ta ɗaga murya ba, kin san tarbiyyarta. Ta dai tambaye ni ko goribar Inugu ma ni ne. Na ce ni ne. Ta karɓi wayarta ta koma ciki. Daga ranar magana tsakanina da ita sai ta hannun uwarta: Inna a gaya wa Baba abinci ya sauka, Inna a gaya wa Baba ana sallama. Gaisuwar safe ba ta fasa ba, za ta durƙusa ta gaishe ni, amma idonta na kan tabarma, kamar tabarmar ce ta haife ta. Yahanasu kuwa duk saƙon da aka ba ta sai ta ɗora nata a kai kafin ya iso. In an ce a gaya mani abinci ya sauka, sai ta ce Malam abinci ya sauka, miyar ba daddawa, an kai wa amarya.

Ina ba ki labarin nan da dariya, amma akwai ranar da ban yi dariya ba. Na shigo ɗaukar buta, na hango Surayya tana kwashe duwatsun nan tana zubawa a tsohuwar jaka, na ji tana gaya wa uwarta in shagon bai dawo ba za ta tafi Kano ta tsaya wa wata mata a kantin atamfa, tunda abin da ta gina da hannunta ba ya tsayuwa. Yarinyar da ta sha wuya kafin ta sami abin da za ta ce nata ne, ni ubanta na zo na zauna a kai. A ranar matan Wurma suka aiko suna tambayar yaushe za a sake kiransu aiki. Butar ma ban ɗauka ba.

Na fara neman gyara ɓarnar da dabarata. Na saci lambar Hajiya na kira ta. Na yi sallama, na tambayi gida, na tambayi maigida, na tambayi yara, na tambayi hidimar biki, ina shirin shiga ya aka ji da zafi sai na ji ɗif. Da aka dawo da kayan, na shanya mafitan a rana, kajin unguwa suka yi mani taro. Na roƙi Yahanasu ta turara su da turaren wuta. Abin da ya fito, Yaya, kamar an kifar da miyar kuka a ɗakin amarya. Sarƙoƙi da 'yan kunne dai sun wanku, amma mafitai sai dai a sake sabbi.

Aka sake. Matan Wurma suka dawo, ba wadda ta kalle ni ba ta rufe baki da mayafi ba. Surayya ta yi ta rubuta wa Hajiya ban haƙuri har ta yarda a sake kawowa, amma ta ce ba ta ɗauki alkawarin komai ba, kuma biki ya matso. Sai na aika ta hannun Yahanasu cewa ni zan kai da kaina, domin a garinmu wanda ya yi ɓarna shi ke zuwa da ƙafarsa. Amsa ta dawo ta hannun Yahanasu cewa an yarda, amma sai an caje ni. Da asuba, a ƙofar gida, matar da na aura da sadakina ta laluba aljihuna ɗaya bayan ɗaya. Ta sami goro, ta karɓe. Ta cire mani hula, ta sami dabino. Na rantse mata guzurina ne. Ta ce in ci a gabanta.

Tafiyar kuwa yaƙi ce. Direba ya so ya saka kwalin a but ɗin mota, kusa da jarkar fetur da buhun busasshen kifi. Na ce sai dai a saka ni a but ɗin, kwali ya zauna a kujera. Haka na rungume shi a cinya tun daga Dutsin-Ma. A Zariya na kusa da ni ya sayi awara da yaji, na roƙe shi don girman iyayensa ya ci da kansa a waje ta taga. A Kaduna wata mata ta ɓare dafaffen ƙwai, na cire babbar riga na lulluɓe kwalin. Wani dattijo a baya ya tambaye ni a hankali ko marar lafiya ne a ciki. Na ce mashi eh, kuma ni na sa mashi ciwon.

Na isa gidan da la'asar, ƙafafuna ba sa jin junansu. Ina zaton zan ga babbar mace, sai ga Hajiya Fiddausi ba ta girmi Surayya da yawa ba. Duk da haka na ajiye kwali, na cire takalmi, na durƙusa. Ta rikice, ta ce Baba don Allah ka tashi, wa ya aiko ka. Na ce ba wanda ya aiko ni, ni ne mai daddawar. Ta kalle ni kamar an nuna mata ɓarawon da ta daɗe tana jin labarinsa. Sannan ta buɗe kwali, ta riƙa ɗaukar mafitan ɗaya-ɗaya tana shinshinawa, ni kuma ina karanta duk addu'ar da na haddace, har da ta shiga kasuwa.

Da ta gama ta tambaye ni me ya kai ni. Na yi mata bayanin gyara tun daga tushe: marigayi Babanmu, tiya, rumfarmu ta Kurfi, shekarar fari, har da yadda aka mayar da 'yan hatsi bayan 'yan tumaki. Ta saurara, ko dai ta rasa ta inda za ta tsayar da ni. Da na numfasa sai ta ce ita ma Bahaushiya ce, ta san gyara. Amma a iya saninta, wanda ya sayi gero, gero ake ƙara mashi, wanda ya sayi manja, manja ake ɗiga mashi. Ta ce Baba, a duk zamanka a kasuwar Kurfi, ka taɓa auna wa mutum dawa ka yi mashi gyara da takalmi? Ni da na zo koyar da ita al'adar kasuwa, yarinyar Abuja ta kayar da ni a rumfar ubana.

Saura jarrabawa ɗaya. Bakina ya suɓuce na tambayi ina daddawar take. Ta ce ai tun ranar aka jefa ta a bola. Daddawar Kande, sabuwa, a bola! Na ji maganganu sun taso mani tun daga ciki, irin waɗanda in suka fito sai an kira maigadi. Na tuna jakar nan da Surayya ke zuba duwatsu. Na haɗiye su duka, na ce Hajiya kin yi daidai, can ya dace da ita. Allah ya yafe mani wannan ƙaryar, Kande kuma kada ta ji. Hajiya ta sa aka kawo mani abinci, ta ce kaya sun yi, maganar ƙara kuma sai bayan biki.

Na dawo gida ba ni da tabbacin komai. Biki ya zo ya wuce, shiru. Kullum ina zaure ina murɗa rediyo ba tare da na ji abin da yake faɗa ba. Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, sai na ji takun Surayya. Na jira in ji Inna a gaya wa Baba. Sai na ji ta ce Baba, kai tsaye, ba ɗan aike. Ta zauna a gefen tabarmata ta ce an buɗe shago, Hajiya ta janye ƙara, ta goge tauraro ɗayan ta sa huɗu. Na tambayi ina na biyar ɗin ya maƙale. Ta ce bari ta karanta mani. Hajiya ta rubuta cewa mafitai da sarƙoƙi sun ƙawata biki, kowa na tambayar inda aka same su, masu shagon kuma mutanen kirki ne da ke zuwa har gida su ba da haƙuri. Amma ta riƙe tauraro ɗaya, domin dattijon da ke kawo kayan ya tsare ta da tarihin kasuwar Kurfi har mai lalle ta gaji ta tafi. Surayya ba ta kai ƙarshe ba dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har da hawaye, ta dafa kafaɗata don kada ta faɗi. Ni dai ban ga abin dariya ba, ko rabin tarihin ban ba matar nan ba. Amma na bar ta ta yi, na daɗe ban ji wannan dariyar a gidana ba.

Maganar Kano ta mutu. Matan Wurma sun dawo aiki jiya, ni da tabarmata muna zaure. Kuma Surayya ta ce ni zan roƙe ki, da bakina, ki sa a nemo mata duwatsun nan na Gana da ake yi da kwalba, masu zane, ki ba Ilu ya taho da su. Ta ce ta san in ni na roƙa ba za ki ƙi ba. Don Allah kada ki ba ni kunya, yanzu na fara samun shiga.

Ki gaishe mani da Alhaji Hashim, ki ce ina nan ina yi mashi addu'ar haƙurin zama da 'yan gidanmu. Ki gaishe da Munzali, ki ce labarin da zai kai gaba ya kai wannan. Ki gaishe da Nana Hadiza da maigidanta da jaririnsu, Allah ya raya shi. Yahanasu tana gaishe ki, ta ce ki yi mata jaje. Surayya tana gaishe ki da kyau. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanenki mai tauraro huɗu,
Sada